Wasiƙa Daga Makka: Ranar Da Hannun Gwaggo Ya Kuɓuce Mini



 Ina gaida Inna, ina gaida Kawu da Gwaggo, da Yaya Babba da iyalinsa, da sauran 'yan'uwa da abokan arziki na gida da na waje waɗanda ba sa gajiya da dogon surutuna. Uwargida da yara suna gaishe ku da kyau. A yi mini afuwa bisa shirun da aka ji na yi kwana biyu, hidimar baƙi ce ta sha mini kai, kun dai san Makka ba ta rabo da baƙo.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau abu biyu ne. Na farko, Yaya ya shaida mini cewa Inna da Kawu sun ɗaura niyyar zuwa Umara idan sanyi ya shigo. Allah Ya cika buri, Ya kawo su lafiya. Kowa na murna wai sun dace da lokaci, babu zafi. Gaskiya ne babu zafi, amma ku sani daga watan Nuwamba zuwa Janairu nan ne lokacin da aka fi samun ruwan sama a wannan yanki. Na biyu kuma, Yaya ya turo mini wani hoton bidiyo da ake yawo da shi a waya, ruwa na jan motoci a cikin lungu kamar kwalaye, yana tambayata wai da gaske a Makka ne ko kuwa haɗin kwamfuta ne. To Yaya, ban san wane ne aka turo maka ba cikin masu yawa, amma irin wannan ya faru a idona. A watan Disamba na 2022 ruwa ya tara motoci a kan juna a wasu unguwannin garin nan, mun wayi gari muna kallon ikon Allah.

Amma kafin in shiga bayani, akwai wani alhaki da na daɗe ina ɗauke da shi, yau zan sauke. Kun tuna zuwan Gwaggo Umara a watan Agusta na 2023? Kun tuna da ta dawo tana ba ku labarin ruwan Makka ya yi mata wanka tun daga ka har ƙafa, kuna ta cewa ta dace? To rabin labarin ta ba ku. Sauran rabin ni na roƙe ta ta rufa mini asiri, ta kuwa rufa, Allah Ya saka mata da alheri. Na kira ta a makon jiya na nemi izininta, ta ce, "Babana, faɗa musu mana, ai ba kashe ni ka yi ba." Ga waɗanda ba su sani ba, sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka.

Ranar Talata ce, 22 ga Agusta. Da rana garin ya yi zafi irin na Agustan Makka, wanda ko inuwa ba ta da daɗi. Da la'asar sakaliya wayata ta yi ƙara, na duba na ga saƙon gargaɗi ne na yanayi. Na ga kalmar Makka, na ga maganar ruwa da iska, sai na mayar da ita aljihu ban ƙarasa karantawa ba. Dalilina shi ne, a irin wannan lokaci kusan kullum hadari na haɗuwa a kan duwatsun Ɗa'if, a turo gargaɗi, a yi ruwan a can, mu a nan ko ɗigo. Yau da gobe sai mutum ya saba, saƙon ya zame masa kamar kukan jirgi ga mai gida kusa da tasha. Uwargida ta leƙa taga ta ce, "Malam, gabas fa ta yi baƙi, da kun haƙura kun yi sallar a masallacin unguwa." Na ce mata baƙuwa ta biyo dubban mil, kwananta ƙidayayyu ne, ba zan hana ta ladan Harami ba saboda hadarin da ba lallai ya sauko ba. Gwaggo ma ta goya mini baya. Ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muka taso cikin damina, ruwa ne zai ba mu tsoro?"

Mun sauka daga mota muka shiga takawa, muna cikin harabar masallaci ta waje, wato filin nan mai faɗi da ke tsakanin ƙofofi da dogayen benaye, sai iska ta taso. Jama'a, na ga iska a gida, na ga wadda ke yaye kwanon ɗaki, amma wannan daban ce, domin benayen sun matse ta, sai ta riƙa fitowa ta tsakaninsu kamar an buɗe mata ƙofa. Kan ka ce kwabo gari ya rufe. Shingayen roba da ake jerawa don tsara tafiyar mutane suka tashi suna gudu a ƙasa da kansu, suna bugun ƙafafun jama'a. Kwandunan shara, darduma, takalma, laima, komai ya kama hanya. Na ga ma'aikatan share-share, samari majiya ƙarfi, iska na jan su a kan marmara suna neman abin kamawa. Ruwan kuma ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake marin mutum. Can sai walƙiya ta haske ko'ina, aradu ta sauka a kan dogon benen agogo, hoton da daga baya duniya duka ta gani.

Ina riƙe da hannun Gwaggo. Wani shinge ya taho ya doke ni a gwiwa, santsi ya kwashe ni, na kai ƙasa. Da na miƙe, babu Gwaggo.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya in ban da na salla, ba waya a hannunta domin na ce ta bar ta a caji, ba katin masauki domin a gidana ta sauka, ba lambata a rubuce a jikinta. Ni da nake yi wa alhazai wa'azin kada su fita ba shaida, ni ne na fito da gwaggona haka. Ina kira "Gwaggo! Gwaggo!" ko ni ba na jin muryata. Kowace mace mai hijabi ta zama ita. Na yi gaba, na dawo baya, na tari wani askar ina yi masa bayani, shi kuma yana ta tura mutane ciki yana cewa a matsa daga fili. A cikin wannan hali babu abin da ke yawo a kaina sai ranar da ƙugiya ta faɗo, da kuma tambaya ɗaya: da wane baki zan kira Kawu?

Sai bayan kusan minti arba'in, da iskar ta lafa, na same ta. Wasu mata 'yan Indunusiya ne suka ja ta suka shigar da ita bayan wani ginshiƙi daga cikin ƙofa, suka zaunar da ita a tsakiyarsu, ɗaya ta lulluɓa mata mayafinta. Ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi, ta gurje a gwiwar hannu, tana jan carbi. Da ta gan ni ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Babana, kai ma ka faɗi ko? Ga wandonka ya yage." A nan na tsuguna na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba.

Da muka koma gida na buɗe saƙon nan na karanta shi har ƙarshe. Ba Ɗa'if kaɗai yake nufi ba, garin Makka na ciki, kuma ya faɗi iska mai ƙarfi da tsawa. Washegari hukumar yanayi ta ce gudun iskar ya haura kilomita 80 a sa'a, unguwar Ka'akiyya ta samu ruwa milimita 45, aka kuma rufe makarantu a wasu sassa. Wato dai an gaya mini, ni ne ban saurara ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa kunnen ya ji rabi ya toshe.

To bari in yi muku bayanin abin da na koya, domin kada wani ya maimaita wautata.

Abu na farko da ya kamata mutumin gida ya gane shi ne, ruwan Makka ba irin namu ba ne. A shekara duka abin da ke sauka a nan bai fi milimita 110 ba a matsakaici, abin da watan Agusta kaɗai ke ninkawa a Kano. Amma namu yana sauka a kan ƙasa mai sha, a shimfiɗe, cikin watanni. Na nan yana iya saukowa a sa'a biyu, a kan duwatsu ƙeƙasassu waɗanda ba sa shan ko cokali. Duk abin da ya zuba a kan dutse gangarowa yake yi, ya haɗu a kwari, kwarin kuwa shi ne titi, shi ne unguwa. Garin Makka a cikin kwari yake, wanda ake kira Wadi Ibrahim, Ka'aba kuma tana can ƙasa a cikinsa. Sunayen unguwanni ma sun faɗa: Ma'ala tana nufin sama, Misfala kuwa, inda yawancin alhazanmu ke sauka kuma 'yan'uwanmu Hausawa da yawa ke zaune, ma'anarta gangare. Saboda haka ana iya yin ruwa a kan dutsen da ba ka gani, kai kana tsaye rana na dukanka, sai dai ka ji ruri, ka waiga ka ga ruwa ja ya taho da duwatsu da itace. Larabawa na kiransa sailu, jam'insa suyul. Ku riƙe wannan kalma.

Ba kuma yau aka fara ba. Masu tarihi sun rubuta cewa ambaliya na cikin dalilan da suka sa Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba lokacin Manzon Allah (SAW) yana da shekara 35, ginin da aka yi saɓani a kan wanda zai ɗora Hajarul Aswad. A zamanin halifancin Sayyidina Umar wata ambaliya da ake kira ta Ummu Nahshal ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa ta kai shi ƙasan gari, sai da Halifa ya taso daga Madina ya mayar da shi, sannan ya sa aka yi madatsa a saman gari don karkatar da ruwa. A shekarar 1039 ta Hijira, wato 1630, ruwa ya cika masallaci har bangon Ka'aba ya rushe, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu, kuma wannan ginin ne muke kewayawa har yau. A 1941 ma ruwa ya kewaye Ɗakin, har aka ɗauki hoton nan da ya shahara na wani yaro ɗan Bahrain yana ɗawafi da iyo. Yanzu an haƙa manyan magudanai a ƙarƙashin gari, abin ya yi sauƙi ƙwarai, amma kwari yana nan a kwarinsa, dutse yana nan a dutsensa.

Ku lura da abin da Sayyidina Umar ya yi. Bai ce ai Ɗakin Allah ne, a bar shi Mai shi zai kare ba. Madatsa ya gina. Ina faɗar haka ne saboda wata magana da nake yawan ji a bakin mutanenmu, har ni ma na taɓa yin ta: wai wanda ya mutu a Makka ai ya dace, me za a guda? Allah Ya sa mu cika da imani a duk inda ajali ya same mu. Amma fatan kyakkyawan ƙarshe daban, jefa kai cikin halaka daban. Kun san hadisin mai raƙumi, wanda aka umarta ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa a daren ruwa da sanyi akan umarci ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Mu ma a gida ai muna haɗa magariba da isha'i idan hadari ya taso. Addinin da ya yi wannan rangwame ba zai tuhumi tsohuwa don ta yi salla ɗaya a masauki ba.

Wanda yake garin nan ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015 ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi. Da yammacin ranar, ana saura kwanaki kaɗan a fara aikin Hajji, hadari ya taso da iska, wata ƙatuwar ƙugiyar gini ta faɗo a kan masallaci ta ɓangaren Safa da Marwa. Sama da mutum 100 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni, cikin mamatan har da 'yan Nijeriya shida. Ina shago a Misfala a lokacin, muna ta kokawar shigar da kaya, sai jiniya ta cika gari. Kun tuna yadda kuka kwana kuna nemana a waya. Abin lura shi ne kwamitin binciken da Sarki Salman ya karɓi rahotonsa bai ɗora wa iska laifin ita kaɗai ba, ya ce an bar ƙugiyar a tsaye a yanayin da ya saɓa wa ƙa'idar waɗanda suka ƙera ta. A 2023 kuma kotu ta ci kamfanin tarar Riyal miliyan 20 saboda sakaci. Ƙaddara gaskiya ce, sakaci ma gaskiya ne.

In kuna son ganin amfanin gargaɗi ƙiri-ƙiri, ku dubi Jidda. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji, muna Mina ruwa na dukan tantuna, ashe a Jidda ambaliya ce ke cin mutane. Sama da mutum 120 suka rasu, da yawa a cikin motocinsu, wasu a unguwannin da aka gina a kan hanyar ruwa irin su Ƙuwaiza. Bayan shekara 13, ranar 24 ga Nuwamba 2022, aka yi ruwan da ya fi wancan yawa, milimita 179 cikin sa'a shida a kudancin birnin. An yi asarar dukiya, motoci sun nutse, an rufe hanyar Makka zuwa Jidda na wasu sa'o'i, amma mutum biyu aka ba da sanarwar sun rasu. Me ya bambanta? An gina madatsu da magudanai a tsakani, sannan an yi gargaɗi, tun kafin asuba aka sanar da rufe makarantu, mutane da yawa suka zauna a gida. Rai biyu ma ba kaɗan ba ne, Allah Ya jiƙansu, amma rigakafi ya nuna kansa.

Yanzu ga yadda gargaɗin yake. Hukumar da ke hasashen yanayi a nan ana kiranta Markazul Waɗani lil Arsad, tana kuma da manhaja a waya mai suna Anwa. Gargaɗinta hawa uku ne, kowanne da launinsa. Asfar shi ne rawaya, ruwan ɗorawa: akwai yiwuwar wani abu, a sa ido. Burtuƙali shi ne ruwan lemo: abin ya matso, a shirya, a rage yawon da ba dole ba. Ahmar shi ne ja: haɗari ne sosai, a nemi mafaka, a bi umarnin hukuma. Ko mutum bai iya karatu ba, ai ya san launi. Kowane gargaɗi kuma yana ɗauke da lokacin farawa da na ƙarewa, da abin da ake tsoro: amɗar ruwan sama ne, riyah iska ce, barad ƙanƙara ce, sawa'iƙ aradu ce, suyul kuwa na riga na gaya muku.

Sai wurin da ni na yi tuntuɓe. Idan an ce Minɗaƙatu Makka, ana nufin jihar gaba ɗaya, wadda ta haɗa da Jidda da Ɗa'if da Rabig da Lais da Ƙunfuza, ƙasa mai faɗin gaske. Kamar a ce jihar Kano ne, alhali ruwan a Doguwa za a yi. Shi garin Makka kansa a takardun hukuma sunansa Al-Asimatul Muƙaddasa, wato birni mai tsarki. In ka ga wannan suna a cikin saƙo, to da kai ake. Ban da wannan, jami'an Difa'ul Madani, wato masu aikin ceto da kashe gobara, sukan turo saƙo kai tsaye zuwa wayoyin da ke yankin, wani lokaci da ƙara mai firgitarwa. In ya shigo kada a share. A nuna wa ma'aikacin masauki ko wani mai jin Larabci ya fassara. Lambar neman agaji a nan ita ce 911, a haddace ta.

Inna, Kawu, ga roƙona gare ku, kuma duk mai niyyar zuwa ya ɗauka da shi nake. Idan gargaɗi ya kai ja, a yi salla a masauki, Harami ba zai gudu ba. Idan kuma hadarin ya riske ku kuna can, ku shige cikin ginin masallaci ku zauna, kada ku tsaya a fili, kada kuma ku ce sai kun ruga masauki. Abin da ya same mu a tsakanin biyun ya same mu. A nisanci shingaye, allunan talla, wuraren da ake gini da duk abin da iska za ta iya ɗauka. Marmara in ta jiƙe santsinta ya fi na sabulu, tsofaffi da dama karayarsu daga nan take, don haka a taka a hankali, a bi gefen bango. Na san kowa na sha'awar ruwan da ke zubowa daga Indararon Rahama, amma turmutsutsun da ake yi a wurin a kan jiƙaƙƙen dutse ba na mai shekaru ba ne.

Ranar da aka ce akwai tsawa, babu hawa Jabalun Nur ko Jabalu Saur, babu tsayawa a kan Dutsen Rahama a Arfa. Aradu tana neman abin da ya fi tsawo ne, mutumin da ke kan dutse riƙe da laima kuwa ya ba ta hanya. Ga wani lissafi mai sauƙi: in ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawar. Kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ce tsakaninka da ita. In ba ka kai talatin ba, tana kusa, shiga gini ko mota mai rufi, kada ka fito sai an yi rabin sa'a ba a ji ta ba.

Sai maganar mota, wadda ta fi kowacce cin rai. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da manya. Kuma ba ka ganin abin da ke ƙasa, ko kwalta ta zaizaye, ko murfin kwata ya buɗe. Garin nan cike yake da gadojin ƙasa da hanyoyin da aka huda cikin dutse, wuraren da suka yi ƙasa a cikinsu nan ruwa ke fara taruwa. In direba ya ce zai kutsa, Kawu ka ce masa a'a, in ya ƙi ku sauka tun kan tudu. Hukuma ma ta mayar da ƙetare kwari lokacin da yake gudu laifi, tararsa na kaiwa Riyal 10,000. Haka nan in an shirya ziyarar Ɗa'if, a tambaya tukuna, domin akan rufe hanyar Hada mai hawa dutse idan yanayi ya ɓaci. Na ƙarshe, wanda ni ya fi ƙona mini rai: kada tsoho ya fita sai da waya mai caji, da katin masauki, da lambar wani a rubuce a takarda cikin leda, rataye a wuya. A kuma yi alkawarin wurin haɗuwa tun kafin a shiga, a riƙe lambar ƙofa.

Ina wannan rubutu ina tunanin gida. Mu ma ai ana yi mana gargaɗi. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA na faɗar ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, ana sanarwa a rediyo, mu kuwa mu ce Allah Ya kyauta mu ci gaba da zuba shara a kwata. Mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga na Maraɗi a daminar wannan shekarar, mun ga na Mokwa a watan Mayun 2025. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yaya, don Allah kafin damina ta gaba a duba katangar bayan gida ta ɓangaren ɗakin Inna, tun zuwana na ƙarshe na ga ta fara ciki. A yashe kwatar ƙofar gida kuma. Abin da ya kama na kuɗi a gaya mini.

Tun daga ranar nan na ɗaukar wa kaina wani ɗan aiki. Duk sa'ad da gargaɗi ya shigo, nakan karanta shi har ƙarshe, in ga namu ne sai in fassara shi da Hausa a murya in tura wa mutanenmu da ke nan, domin da yawansu saƙon na shigowa wayarsu amma da Larabci ko Turanci, ba mai gaya musu abin da ya ƙunsa. Wani lokaci a yi gargaɗin ruwan bai zo ba, a yi ta yi mini tsiya wai malamin hadari ya faɗi ba nauyi. Ba na jin haushi. Gara a yi mini dariya sau goma da in sake tsayawa a filin nan ina kiran sunan wani.

Uwargida ta ce in gaya muku ita ta faɗa tun farko ba a ji ba. Na amsa laifina a gabanta, yau ga shi na amsa a gabanku. Kawu, ka yafe mini ɓoye maka da na yi. Gwaggo kuwa har yanzu tana bina bashin takalmi ƙafa ɗaya, ta ce ba ta son sabo, nata take so, wai in ci gaba da dubawa ko iska za ta dawo da shi.

Idan Inna za ta taho a haɗo mana da kuka da daddawa da ɗan yaji, na wajenmu ya ƙare tun bayan salla. A sa mata rigar sanyi mai kauri a jaka, da takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. A gaida kowa da kowa, a shafa mini kan yara. Allah Ya tsare mu da tsarewarSa, Ya ba mu ruwa mai albarka ba mai ɓarna ba, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naku har kullum,
Ɗanku kuma ɗan'uwanku da ke Makka.